Totuwa da Farin Fenti

Abdussamad mai rubuta allunan shaguna ne a Malumfashi. Da zare yake aiki: ya turmusa shi a garin bula, ya ja shi a jikin bango, ya ɗaga ya saki, layi ya fito a miƙe, sannan ya bi da burushi. Amma tun da ya faɗi a babur a hanyar Ƙarfi hannunsa na dama yake rawa. Ciwo ya warke, rawar ba ta tafi ba. Rubutu ya koma hannun abokin sana'arsa Ɗanasabe, shi kuwa sai riƙon tsani da dama fenti. In an tambaya ya ce kafaɗa ce ba ta gama saki ba. Shi kansa bai san ko zai ƙara yin zane ba.

Ɗanasabe ne ya ja shi wani taron koyar da zane a cikin gari. Mai koyarwar, Malama Funmilayo, haifaffiyar Funtuwa ce. Ta bi ta karɓe rula da zaren kowa ta zuba a bokiti.

"Yau ba layi," ta ce. "Ga totuwar masara, ga tsintsiya, ga tsumma. In fenti ya zirara, ku bar shi ya yi tafiyarsa."

"Malama, in muka yi wa mai shago haka a bangonsa, ai da tsintsiyar zai raka mu," in ji Ɗanasabe. Aka yi dariya.

Abdussamad ya koma ƙurya ya ba mutane baya. Ya shafe kwalin da aka ba shi da fenti ruwan ƙasa, ya tsoma totuwa a farin fenti ya kai. Hannun ya yi rawarsa, farin ya tarwatse, ɗigo nan ɗigo can. Ya ƙara. Can ya ja baya ya duba, sai ya ga kamar gonar audugar kawunsa ta Kafur lokacin da ta fashe, har da gefen da iska ta kwantar. Bai gaya wa kowa ba. Aka kira azahar, ya wanke hannu ya fita.

Da ya dawo ya tarar Ɗanasabe ya riga shi, yana tsugune gaban kwalin da tsumma da siririn burushi. Ya goge duk inda fenti ya zirara, ya mayar da kowane ɗigo kewayayye, ya jera su kunya-kunya. Har baƙin layi ya ja a gefe.

"Na rufa maka asiri, mutumina," ya ce ƙasa-ƙasa. "Da an ga rawar nan, gobe duk kasuwa ta ji."

"Allah ya saka," in ji Abdussamad. Aikin ya fita tsaf, kamar allon shagon taki.

Malama ta zo wucewa ta tsaya. "To, wa ya ɓoye rula a aljihu?"

Abdussamad ya ɗauki sabon kwali ya nufi teburin tsakiya, inda haske ya fi yawa. Ɗanasabe ya kama masa gefen riga.

"Kai, a gaban mutane?"

Ya zame, ya naɗe hannun riga, ya tsoma totuwa. Na kusa suka ga hannun yana kaɗawa. Wani ya ce masa sannu, wata ta ja kujerarta baya don fenti na fallatso mata.

"Ɗanasabe," ya ce bai ɗago ba, "damo mini wani farin, wannan ya kusa ƙarewa."