Keken da Aka Ba Safara'u Sau Uku

Iya Ma'u ta tsaya a bakin kwatar da ta raba gidansu da titi, ta ƙara tamke zanen goyo, ta yi bismillah, sannan ta ɗaga ƙafa. Wadda ke bayanta ba jaririya ba ce. 'Yarta ce Safara'u, mai shekara talatin da ɗaya, wadda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun kafin a yaye ta. Da suka dira a ɗaya gefen, Safara'u ta ji ƙashin bayan tsohuwar ya ce ƙas, ta kuma ji nishin da ta haɗiye don kada a ji.

"Iya, sauke ni in ja jiki."

"Cikin wannan taɓon, da sabuwar atamfa? Kama bakinki. Yau dai in Allah ya so a kan keke za ki dawo."

Safara'u ba ta ce amin ba. Wannan ne karo na uku da za a ba ta keken guragu, kuma har yau bayan uwarta ne abin hawanta.

A takardun hukuma an daina ce mata gurguwa, yanzu sunanta mai buƙata ta musamman. Sunan ya yi daɗi, sai dai kwatar ba ta sami labarin canjin ba, faɗinta na nan yadda yake. Abin ya faro ne lokacin da aka ce Turawan da ke aiko da tallafi sun kafa sabuwar ƙa'ida: ba za su saki komai ba sai an nuna musu nakasassu cikin masu amfana. Kafin wata ya zagayo ƙungiyoyi sun tsiro a Zongon Lomé kamar ciyawar damina. Baba Haliru, aminin marigayi mahaifinta, wanda ke ɗingishi tun da zemijan, wato acaɓa, ta kayar da shi, ya wayi gari ana ce masa Purezidan, shugaban ƙungiyar nakasassu.

Karon farko an ɗora ta kan keke mai taya uku, irin wanda ake murzawa da hannu. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Baƙi na juya baya, Tasi'u direban ƙungiya ya loda kekunan a mota, wai za a buga musu lamba a ofis. Karo na biyu har unguwar Djidjolé aka kwashe su, aka sake ba ta, aka sake karɓewa, wai birki na da matsala. A ranar ne ta lura hannun keken a lanƙwashe yake ta hagu, daidai da na farkon. Ita kuwa ɗinkin hula ne sana'arta, allura ba ta rabuwa da ɗankwalinta. Mahaifinta, Malam Sabitu, ya koya mata cewa duk hular da ta fita daga hannunta ta yi mata ƙulli uku na koren zare daga ciki, don ranar gardama. Ta zura hannu ƙarƙashin matashin keken ta yi masa ƙulli ukun, ba wanda ya gani.

* * *

Filin makarantar ya sha rumfa da kujerun roba. Kekuna goma sha biyu sun jeru, suna warin sabon fenti. Wannan karon kore ne, wancan karon shuɗi.

"Iya, kai ni wancan na ƙarshe."

"Duk ba ɗaya ba ne?"

"Shi nake son in sani."

Fenti bai miƙar da hannun ba. Tana zama ta lalubi ƙarƙashin matashin, yatsunta suka faɗa kan ƙulli uku. Abin da ta zo nema ke nan. Ta ƙara lalubawa, sai ta ji wani abu. Kusa da ƙullinta wani ya soka fil, wani kuma ya ɗaura tsumma a jikin ƙarfe. Ta karkata ta leƙa, ta ga ƙaramin gicciye da aka zana da biro. Ashe ba ita kaɗai ce mai zato ba. A unguwannin Lomé akwai mutanen da ba ta taɓa gani ba, kowa ya sa wa keken nan alama, kowa yana jiran a dawo masa da shi.

Baba Haliru ya iso yana dogara sanda, babbar rigarsa ta sha guga.

"'Yata, an zo lafiya? Yaya Ma'u, sannu da ƙoƙari."

"Baba, keken nan na san shi, ya san ni," in ji Safara'u. Ta kama hannunsa ta kai ƙarƙashin matashin. "Alamar abokinka ce. Ai ba ka manta ta ba, tana cikin hular da ke kanka."

Murmushinsa bai gushe ba, saboda idanun jama'a, amma muryarsa ta yi ƙasa.

"Saurara ki ji. Keke goma sha biyu suka aiko, takardarsu kuwa mutum sittin take so. Bana an ce sun rage tallafin ƙasashen waje, ƙungiyar da ba ta cika lissafi ba za a rufe ta. Yobon nan, baturiyar da za ta zo, dubawa aka aiko ta. In ta koma da mummunan rahoto, har maganin masu farfaɗiya ya tsaya. Za ki ɗauki alhakinsu?"

"To bayan Iya fa, wa zai ɗauki alhakinsa?"

"Na gaba naki ne, wallahi. Ni ma ai ga ƙafata."

Ta kalli ƙafar, ta kalli agogon da ke hannunsa. Maganin farfaɗiya gaskiya ne, ta san gida biyu da ke karɓa. Benen da ake cewa yana ginawa a Agoè ma, masu faɗa ba mahaukata ba ne. Ta rasa inda gaskiyarsa ta ƙare da inda ƙaryarsa ta fara, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Da ɓarawo ne tsantsa da ta huta, ta tsane shi hankali kwance.

* * *

Baƙi suka iso bayan azahar. Wani jami'i mai kwat ya hau mumbari ya yi ta zuba Faransanci, Mounira 'yar maƙwabtansu, wadda ta yi karatu har jami'a, tana juyawa da Hausa. Ya ce doka ta daidaita kowa da kowa. Ya ce ba za a bar kowa a baya ba. Iya Ma'u, da ke zaune a ƙasa ta jingina da tayar keken, ta ce, "Mu ai a baya muke tafe da namu."

Jawabin hukuma ba ya gajerta, wannan kuwa ya yi wa Safara'u rana. Ta zare allura daga ɗankwali, ta ninka zare huɗu, ta rufa mayafi a cinyarta. Ta haɗa zanenta da siket ɗin ciki da fatar matashin, ta shiga ɗinki. Irin ɗinkin bakin hula ta yi, matsattse, wanda ko da reza sai an wahala. Jami'i ya sauka, Purezidan ya hau, ta gama gefen dama. Kafin baturiyar ta gama nata jawabin ta zagaye.

"Ke, me kike yi?" Iya ta tambaya cikin raɗa.

"Sana'ata."

Baturiyar ta bi layi tana gaisawa, da littafi a hannu. Fuskarta ta mutanen kirki ce, amma Safara'u ta ga irin fuskar har sau biyu. Da ta iso ta durƙusa ta yi magana.

"Tanti, ta ce kin ji daɗin kyautar?" in ji Mounira.

"Ki gaya mata wannan ne karo na uku da aka ba ni shi. Ki ce yau da shi zan kwana."

Mounira ta saci kallon Baba Haliru. Ta faɗi wani abu gajere, wanda bai kai rabin tsawon maganar ba. Baturiyar ta dafa ƙirji, idonta ya ciko, ta rubuta a littafinta, ta wuce gaba. Safara'u ta bi Mounira da ido, yarinyar kuwa ba ta sake waiwayowa ba.

Ƙurar motocin baƙi ba ta kwanta ba Tasi'u ya kawo tasa da baya. Wannan karon tayoyi ne ke buƙatar iska. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka sauka, wasu da taimako, wasu da jan gindi. Ya iso kanta.

"Hajiya, a taimaka a sauka."

"Ɗauke ni."

Ya kama ta ta hammata ya ɗaga, zanen ya ja, keken ya taso tare da ita. Ya sake ta da sauri kamar ya taɓa garwashi.

"In za ka tuɓe ni a gaban Zongo, bismillah," ta ce da ƙarfi. "Ga limamai can ba su tafi ba."

Wata mai koko ta fara shewa, sai filin ya ɗauka. Wani tsoho da aka riga aka sauke ya dinga buga ƙasa da tafin hannu yana dariya har da hawaye. Safara'u ta kama hannun keken ta murza sau ɗaya, ya gusa da ita taku biyu, sumul. Daɗi ya cika mata ciki. Ta ga kanta gobe tana kai huluna kasuwa da kanta, Iya na biye a miƙe, ba komai a bayanta sai mayafi.

Baba Haliru ya daɗe yana kallonta. Ba ta iya gane ko kunya ce a fuskarsa ko lissafi ba.

"Ba mai tuɓe 'yar Malam Sabitu ina raye," ya ce a hankali. "Tasi'u, ɗauko sifana."

Matashin a kan katako yake, noti huɗu ne suka riƙe shi. Tasi'u ya kwanta a ƙasa ya kwance su, bai kai minti biyar ba. Su biyu suka ɗaga ta da katakon, suka ajiye ta a kan yashi cikin ladabi, kamar masu ajiye tiren ƙwai. Shewar ta mutu.

"Matashin na bar miki, 'yata," in ji Baba Haliru. Ya juya ga direban. "Ka biya wurin mai kushin ya yi wani kafin gobe. Ƙarfe goma muke da wani rabon a Kodjoviakopé."

Motar ta tafi da kekuna goma sha biyu, na ƙarshen da rami a tsakiyarsa.

Iya Ma'u ta warware zanen goyo. Ta juya baya ta durƙusa. Aka taya ta ɗora 'yar, amma zanen goyon ya ƙi zagaye katakon, sai da mai koko ta ara musu mayafinta aka ƙara. Suka kama hanya, katakon na bugun ƙaurin tsohuwar a kowane taku. Safara'u ta kifa fuska a wuyan uwarta, tana jin nauyin da ta ƙara mata da hannunta.

A bakin kwata Iya ta tsaya. Ta yi bismillah, ƙafar ba ta ɗagu ba. Ta numfasa, ta gyara goyon, ta sake yin bismillah.