Ram Ɗin da Aka Goge

Karo na uku Nafisa ta danna sabon ram a gurbinsa cikin kwamfutarta, karo na uku ya ƙi zama. Tsagar da ke jikinsa ta kauce wa haƙorin gurbin da ɗan kaɗan. Wayarta kuwa sai ruri take, Hajiya uwar amarya ce daga Kwarbai. Bayan la'asar za a wuce da amarya Legas, kuma Nafisa ta yi alkawarin fim ɗin bikin da take haɗawa zai bi ta a jaka.

"Mai shagon bai tambaye ki irin bod ɗinki ba, farantin da gurbin yake jiki?" in ji yayanta Labaran kafinta, yana tsaye a ƙofar ɗaki da garin katako a gemu.

"Ya tambaya. Na ce ya ba ni mafi girma kawai, giga sha shida. Mai giga huɗun nan daskarewa yake."

"Ke da kika ce fim ɗin giga arba'in ne? Ta ina zai shiga sha shida?"

"Yaya, fim yana cikin diski, shi ne sito. Ram bencin aiki ne kawai."

Wayar ta sake ruri. Ta fita zaure tana rantse-rantse, tana ba Hajiya haƙuri. Da ta dawo sai ta tarar da Labaran yana hure magagari, fuska cike da fara'a.

"Ya shiga. Ƙofar da ta ƙi zama ma gefenta ake ci."

Kafin ta buɗe baki ya danna makunni. Fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya. Wani siririn ƙauri ya taso. Allo baƙi ƙirin.

Labaran ya ajiye magagarin a hankali. "Fim ɗin... ya ƙone?"

Nafisa ta karɓi sukuddireba daga aljihunsa, ta kwance diskin, ta naɗe shi a gefen mayafi. Kwamfutar da za ta iya wannan aiki a kusa ɗaya ce, tana Ƙofar Gayan, a shagon Sailuba, wadda ta ƙwace mata bukukuwa biyu bara, ko gaisawa ba sa yi.

"Benci ne ya ƙone," ta ce. "Tayar da babur, Yaya. In mun isa, kai za ka fara yin sallama."