Garin da Malam Ɗalhatu ya gina a kwamfuta

Shekara ashirin da bakwai Malam Ɗalhatu ya yi yana buɗe ƙofofin ruwa a gonakin noman rani da ke tsakanin Kura da Bunkure. Shi ya san ranar masu shinkafa da ranar masu tumatir, kuma idan manoma biyu suka ɗaga wa juna fartanya a bakin magudana, shi ake kira. A daminar 2003 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ya tashi daga baya, amma hannun dama da ƙafar dama sun mutu. Mutumin da kekensa ba ya hutawa ya koma zaman zaure, ba shi da aiki sai faɗa da matarsa Iyatu a kan gishirin miya.

'Yarsa Zuliha tana aikin buga takardu a wata makaranta a Kura, gidan mijinta kuma babu nisa. Da likita ya ce a samo wa tsohon abin da zai riƙa motsa hannun hagu da tunaninsa, sai ta sayo masa kwamfuta 'yar gwanjo mai ƙaton allo. A wani shago a Kano ta sayi wasa, faifai biyu a kwali, na asali ba kwafi ba. A wasan ana ba mutum fili fetal da kogi, ya haƙa magudanai, ya yanka gonaki, ya gina gari.

"Ni za a kawo wa wasan yara?" in ji Malam Ɗalhatu.

Kwana uku bai ko kalli wajen ba. Rana ta huɗu Zuliha ta zauna tana yi ita kaɗai, yana satar kallo ta gefen ido, har ya ga ta ja magudana ta nufi tudu.

"Ke, a garinku ruwa yana hawa tudu ne? Matsa ki ba ni wuri."

Tun daga ranar, da an kawo wuta ko an tayar da ƙaramin janareto, yana gaban allon. Da farko hannun hagun yana rawa, sai ya rushe gida yana nufin ya gina rumbu. Cikin wata shida hannun ya tsaya. Ya shimfiɗa garinsa kamar yadda ya daɗe yana so a shimfiɗa gonakin gaske: babbar magudana a tsakiya, ƙanana kowace da ƙofarta, da burtali mai faɗi don kada shanu su shiga gonar kowa. Unguwar da ke bakin kogi ya sa mata sunan ƙanensa Baballe, wanda ya rasu. Tsofaffin abokan aikinsa kan zo gaishe shi su ɓige da gardamar inda ya kamata a yi gada.

Wasan yana da sharaɗi guda. Duk bayan 'yan watanni sai an haɗa shi da intanet ya gaisa da kamfanin da ya sayar da shi, in ba haka ba ya ƙi buɗewa. A lokacin babu intanet a gidan kowa a unguwarsu. Zuliha kan naɗe akwatin kwamfutar a zani, ta ɗora a cinya a bas, ta kai shagon intanet na wani mai suna Maharazu kusa da tashar Unguwa Uku a Kano. A haɗa, a jira kamar awa guda, ta dawo. Haka suka yi shekara uku.

A watan Yulin 2007 ta tafi tun da hantsi, la'asar ta wuce ba ta dawo ba. Malam Ɗalhatu ya aika Iyatu ƙofar gida sau uku ta duba. Da Zuliha ta shigo, ta ajiye akwatin a kan tebur, ba ta haɗa wayoyin ba, ta zauna a tabarma.

"Baba, wasan ya ƙi."

"Injin ne ya lalace?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To faifan ne ya karce?"

"Shi ma lafiyarsa ƙalau. Kamfanin ne ya ce daga wannan watan ya daina hulɗa da tsohon tsarin da kwamfutarmu take aiki da shi. Sai mai sabon tsari. Tamu kuma Malam Maharazu ya ce ba za ta iya ɗaukar sabon ba, ƙarfinta bai kai ba."

Ya dube ta. "Ba saya kika yi ba?"

"Saya na yi, Baba."

"Haya aka ba ki, ko aro?"

"Saya na yi. Ga kwalin can."

"To wanda ya sayar mini da injin ban-ruwa, in ya ƙero sabo, zuwa yake yi gonata ya sa wa tsohon kwaɗo?"

Zuliha dai ta ƙarasa masa labarin. Maharazu ya gwada wasan a ɗaya daga cikin sababbin kwamfutocinsa, ya buɗe, amma ya sabunta kansa ya koma wani iri. Da suka ɗora masa garin Malam Ɗalhatu, sai wasan ya ce bai san wannan ba, na tsohon zubi ne. Ke nan ko an sayi sabuwar kwamfuta, garin ba zai dawo ba.

"Yana nan a ciki dai?"

"Yana nan. Ba a iya shiga ne kawai."

Ranar bai ci tuwo ba. Iyatu, wadda shekara uku take mitar ƙarar janareto, ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Malam, ba wanda za a je a gani ne?" Ya ce mutanen suna wata ƙasa.

Washegari ya sa Zuliha ta ɗauko takarda da biro. Ya faɗa da Hausa, tana juyawa Turanci. Ya gabatar da kansa da shekarun aikinsa. Ya ce a duk tsawon aikin bai taɓa rufe wa manomi ruwa ba tare da ya sanar da shi ya kuma saurare shi ba. Ya ce ba kyauta yake nema ba, abin da aka saya yake so a buɗe masa, ko da sau ɗaya ne, ya zana taswirar garin a takarda. Ranar Asabar Zuliha ta aika wa kamfanin ta intanet daga shagon Maharazu, ta dawo da amsa a buge.

"Har sun amsa? Yaushe?"

"Ko minti ɗaya ba a yi ba."

Ta karanta masa. Sun gode masa da ya tuntuɓe su, sun ce suna daraja shi ƙwarai, sun shawarce shi ya koma sabon tsari.

"Ba su karanta ba," in ji shi. Ya karɓi takardar ya ninke, ya mayar mata.

Wata biyu kwamfutar tana rufe da zani. Ya koma yawan barcin rana, hannun hagun ya fara nauyi, har cokali yana suɓuce masa. Zuliha ta lura. Ta koma wajen Maharazu ta ce ko mene ne a samo. Ya yi 'yan kame-kame, sannan ya jawo wani faifai daga aljihun tebur, babu kwali, an rubuta suna a kai da alƙalamin maka.

"Malama, wannan kwafi ne, na bayan fage. Ba ya neman intanet, kuma zai yi a tsohuwar. Sai dai abu biyu. Ba zai karanta garin Baba ba, kuma da harshen Rasha yake."

Da ta kawo, Malam Ɗalhatu ya juya faifan a hannu. Ya tambaya ko wannan ba sata ba ce. Ya sa aka kira limamin masallacin unguwarsu ya zayyana masa komai. Liman ya saurara, ya ce shi dai bai taɓa cin karo da irin wannan mas'ala ba, amma a ganinsa wanda ya biya kuɗin abu aka hana shi, ba shi ne da laifi ba, Allah ne masani.

Aka ɗora wasan. Fili ya fito fetal, kogin ma ba a inda ya saba yake ba. Rubutun kuwa ko harafi ɗaya bai gane ba. Ya danna abin da yake zaton haƙa ne, sai ga garken tumaki a tsakiyar kogi.

"Inna lillahi," in ji Iyatu daga bayansa, "ka kashe dabbobin mutane."

Ya yi dariya har da tari. Daga nan ya sa Zuliha ta samo littafin rubutu, suka riƙa zana kowace kalma yadda take, suna rubuta aikinta a gefe. Harafi mai kama da ƙwaro shi ne farkon kalmar gidaje, mai kama da ƙofa na gona ne. Kafin a dasa tumatir na wannan shekarar ya haddace guda arba'in.

Sabon garin bai kai tsohon ba, kuma bai sa wa unguwa ko ɗaya suna ba, don babu haruffan da zai rubuta da su. Yakan yi awa ɗaya ko biyu ya kashe. Wani lokaci yakan tsaya ya ce a tsohon garin akwai wata 'yar gada a kudu da ya manta yadda ya yi ta. Kwamfutar ta ƙara shekara biyu tana aiki, har ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi ta ƙone ta tare da fankar zauren da rediyon Iyatu.