Albashin Mbarka

Sau uku Lazhar yana tura katinsa cikin na'urar cire kuɗi ta gidan waya, sau uku tana tofo masa shi. Wani dattijo a bayansa ya ce, "Ɗana, ba saniya ba ce. Ko ka matsa babu nono."

Sai ya zarce ofishin masu neman aiki, inda shekara biyu ke nan ana ba shi dinari dubu goma sha biyar duk wata, ladan zaman kashe wando. Ma'aikacin, Si Tayeb, ya buga lambarsa a kwamfuta, ya zare tabarau.

"Matarka ta fara karɓar kuɗin naƙasassu?"

"Wannan watan," in ji Lazhar, har da gyara tsayuwa. "Ni na bi mata takardun."

"To kai ka daɓa wa cikinka wuƙa. In matar mutum tana da abin shiga, babu shi babu alawus."

"Dubu goma ne fa kacal!"

"Ko ɗari ne. Ga shi nan a shafin farko. Wai ba shari'a ka karanta ba?"

Ita ya karanta kuwa, shekara huɗu cur. Wata goma sha huɗu ya yi yana yawo da fayil ɗin Mbarka a hammata, daga likita zuwa mai hatimi, daga mai hatimi zuwa mai hoto. Duk garin Tugurt babu gidan gahawar da bai ji labarin yadda lauya Lazhar ya ƙwato wa matarsa haƙƙinta ba. Ashe goma ya ciyo, ya zubar da sha biyar. Ko jakin mai ruwa aka tura kasuwa ba zai yi wannan ciniki ba.

"Babu mafita?"

Si Tayeb ya rage murya. "Wasu kan rabu a takarda, su ci gaba da zama da auren Fatiha."

"A'uzubillahi."

"To, sai dai ita ta rubuta ta yafe nata, a sake duba naka."

Da ƙafa ya koma gida, yana tsara jawabin da zai sa Mbarka ta yafe nata. Dubu biyar ba wasa ba ce: tukunyar gas ce, da buhun gari, da rabin kuɗin wuta. Ya shirya hujjoji uku masu ƙarfi, har yana jin haushin babu alƙalin da zai saurare su.

Tun daga ƙofa ƙanshin naman rago ya tare shi. Mbarka tana kan kekenta gaban murhu, tana murza kuskus da man zaitun. Shan inna ya kama ta tun tana shekara huɗu, kuma daga ranar zuwa yau, ko ɗankwali ne a kanta wani ne ya saya.

"Ga lauyana!" ta ce. "Zo ka gaida mai miliyan." A Tugurt da santim ake lissafi, santim ɗari ne dinari ɗaya, don haka dubu goma miliyan ce. "Maƙwabciya ta tura ni gidan waya, muka biya wurin mai nama. Ka san me? Yau ni ya kalla. Shekara shida mai turo ni yake tambaya me ake so. Na ce masa rage kitsen nan, Wallahi ya rage!"

Dariya take yi har da hawaye. Hujjojin nan uku suka bi iska, kunya ta rufe shi. Ya zauna a bakin tabarma, ya faɗa mata abin da Si Tayeb ya ce, bai ƙara gishiri ba.

Ta daina murza kuskus. Ta fi shi saurin lissafi, ya daɗe da sanin haka.

"Sha biyar ta fi goma," ta ce a hankali. "Gobe ka kai ni in sa hannu." Ba ta kalle shi ba, tukunyar naman take kallo.

"Ba ya yiwuwa," ya ji bakinsa ya faɗa. "An riga an shigar. Doka ta hana janyewa. Sashe na tara."

"Sashe na tara na me?"

"Na... dokar mana."

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Ya san ba ta yarda ba, ita ma ta san ya sani.

"To me za mu ci, maigida?"

"Yayanki har yanzu yana neman mai tsince dabino a sitonsa?"

"Wanda ka ce ko a mafarki mai digiri ba zai yi ba?"

"Mai digirin ya rasu yau da hantsi. Allah ya jiƙansa."

Mbarka ta goge hannunta, ta zura shi ƙarƙashin matashin kekenta, ta zaro dinari ɗari biyu ta miƙa masa.

"Na motar gobe," ta ce. "Ka dawo mini da canji."

Da hannu biyu ya karɓa.