Abin da Zakariyya'u ya binne a gindin zogale

Ranar da aka cire wa Larai ƙari a cinya, nas ta miƙo wa mijinta wata kwalba da tsokar a ciki, tana iyo a ruwan magani mai hawa kai. Ta ce a kai ɗakin gwaji, ta yi gaba abinta.

To, Malam Zakariyya'u mai walda a Tudun Wada mutum ne da ko farce ya yanke sai ya tona rami ya binne. Ina shi ina yawo da naman matarsa a keke, baƙi suna jujjuya shi? Ya wuce gida, ya ɗauraye tsokar, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya binne a gindin zogale. Larai har da hawaye, ta ce ya suturta ta. Abokansa na masallaci suka yi ta sa masa albarka.

Wata takwas ciwon ya dawo, wannan karon a huhu. A babban asibiti, Likita Miriam ta ja shi gefe ta tambayi sakamakon gwajin farko. Ya ce babu. Ta yi masa bayani a tsanake: kansar tsoka ta fi iri hamsin, wasu a madubin likita kamar an tsaga kara. Abin da ke raba su shi ne ƙwayoyin gado da ke cikin tsokar, waɗanne ne a farke suna aiki, waɗanne ne suka yi barci. In an karanta wannan, an san sunan ciwon, an san maganin da ya fi dacewa. Ga Larai ta yi raunin da ba za a iya soka mata allura a huhu a ɗebo wata tsokar ba.

"Malam, in tsokar tana cikin ruwanta, ko yanzu ka kawo. In babu, sai dai lalube."

Ya ce zai duba. Wa zai gaya wa? 'Yarsu ɗaya tana aure a Zariya, da tsohon ciki. Mutanen masallaci kuwa su ne suka yaba. Bai taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ga shi a tsakiyar cunkoson gada a hanyar komawa gida, ana ta hon.

Bayan azahar ya ɗauko fartanya. Ya sani sarai damina ta wuce ta kan wurin, amma haka ya yi ta haƙa, ya ajiye fartanyar ya koma sa hannu. Guntun ƙyalle kawai ya samu, gara ta ci rabinsa.

Daga ɗaki Larai ta ji motsi. Muryarta da ƙyar take fita.

"Malam, in shuka za ka yi, kauce wa gindin zogalen nan. Ka manta akwai ni a wurin?"

Ya ce bai manta ba. Ya mayar da ƙyallen cikin ramin, ya shiga tura ƙasa da tafin hannunsa.