Ruwa a Ramin Filogi

Shuhrat ya sake murza makulli. Motar ta tashi, amma ba tashin lafiya ba. Injin na yi yana tsallakewa, sitiyari na karkarwa a hannunsa, salansa na tari tana feso warin ɗanyen mai. Ya taka totur, jijjigar ta ƙaru har furannin roba da ya liƙa a bonet suka fara zubewa. Jiya da la'asar lafiya lau ya ajiye ta a ƙarƙashin rumfar inabi. Sai yau ta tashi tsiyarta, ranar da za a sallami matarsa Nodira da 'yarsu ta fari daga asibitin haihuwa.

Ba wai motoci sun ƙare a garinsu Margilan ba ne. Tolib, yayan Nodira, yana da sabuwa fil, fara, kuma ba ya gajiya da sanar da mutane. Shekarun da Shuhrat ya yi yana aikin gini a Rasha, sau biyu cikin Nodira yana ɓarewa, sau biyun Tolib ne ya kai ta asibiti, shi ya dawo da ita hannu wofi. Shuhrat a waya yake jin labari, yana ba da haƙuri daga nesa. Da wannan cikin ya tsaya, abu ɗaya ta roƙe shi: "Kai za ka zo ka ɗauko mu. Ba Yaya ba, kai." Ya yi mata alkawari, ya baro aikin ya dawo gida.

Wayarsa ta yi ƙara. Tolib ne.

"Ango, ina ka shige? Mu mun iso tun ɗazu."

"Ga ni nan tafe, Yaya."

"Wannan ƙarar da nake ji fa? Injin markaɗe ka sayo?"

"Ɗan gyara ne, yanzu zan gama."

"To ka bar tsohuwar nan ta huta mana. Tawa ga ta nan a bakin ƙofa, har da na'urar ɗumama kujera."

Shuhrat ya kashe wayar ba sallama. Ya ɗaga bonet, injin na ta rawa a gabansa. Wayoyin filogi huɗu ne, kuma ya san yadda ake kama ɓarawon a cikinsu. Ya naɗe hannu da tsumma ya zare ta farko. Injin ya ƙara durƙushewa, ke nan wannan tana aikinta. Ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya kama ta uku wuta ta fizge shi har gwiwar hannu, ya yi tsalle yana salati, amma injin ko a jikinsa, bai sauya murya ba. Ta huɗun ma kusan haka.

Ya kashe motar, ya leƙa ramin da filogi na uku yake zaune. Ruwa ne kwance a ciki. Idan ruwan lagireto ne ya ɓalle cikin inji, to maganar yau ta ƙare, har ta wata mai zuwa. Ya zaro sandar awon mai: baƙi ne, babu alamar ruwa. Ya duba lagireto: cike yake. Ya tsoma yatsa a ramin, ya kai hanci. Ƙamshin sabulu.

Sai a lokacin ya ja da baya ya dubi injin da kyau. Yana ƙyalli. Tun da ya sayi motar bai taɓa ganin asalin launinsa ba sai yau.

"Inna!"

Mahaifiyarsa Muyassar tana can ƙarshen tsakar gida, rabin jikinta a cikin tanderu, tana liƙa gurasar baƙi. Ta ɗago fuska jawur.

"Meye kake ƙwala mini kira kamar gobara?"

"Wa ya taɓa motar nan?"

"Ni ce. Da asuba na wanke ta."

"Har injin?"

"To da fa? Jaririyar da ba ta yi arba'in ba za ka saka a cikin ƙazanta? Na wanke kujeru, na wanke tayoyi, na yi mata hayaƙin maganin kambun baka. Da na buɗe gaban nan na gan shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Sai da na dafa ruwa kafin ya fita."

"Inna, a inji za ta zauna?"

"Iskar da za ta shaƙa daga ina take fitowa? Kai dai ba ka iya godiya ba."

Maganganu suka cika masa baki, ya haɗiye su duka. Wannan matar ce ta yi jinyar Nodira sau biyu lokacin da shi ba ya nan. Tsoro ne ya sa ta wanke har abin da ba a wankewa, kuma irin tsoron ne ya hana shi barci tun da aka haihu.

Ya naɗa tsumma a bakin sukundireba yana tsotse ruwan, don in ya kwance filogi a haka ruwan ciki zai gangara. Ya ɗauko famfon keke ya hura ramukan, kumfa na tsalle tana bugun fuskarsa. Sannan ya kwance filogan, ya goge baƙin da ya taru a bakinsu. Hulunan robar wayoyin kuwa sun sha ruwa ta ciki, inda tsumma ba ya kaiwa, ga rana ta ƙi fitowa. Ya yarfe su, ya hura da baki, ya zagaya motar, ya dawo ya sake yarfewa.

"Kawo nan," in ji Muyassar. Ta karɓe su ta jera a leɓen tanderu, gefen gurasa.

"Za su narke, Inna!"

"Tun kafin a haife ka nake gashi a nan, ban taɓa ƙona ko ɗaya ba. Matsa."

Ya kasa tsayuwa, ya kasa zama. Wayar ta sake ƙara.

"Shuhrat, an sallame ta, har an ba wata gadon," in ji Tolib, babu wasa a muryarsa yanzu. "Mai jego ba za ta yini a sanyi tana jiranka ba. Za mu taho da su, ka jira mu a gida."

Kafin ya ce uffan an katse.

Muyassar ta ji komai. Ta miƙo masa wayoyin da ɗuminsu, ta ce a hankali, "To ka wanke hannu ka sa rigarka. Ai duk gidan nan za su zo."

Ya ɗaure filogan, ya mayar da kowace waya gurbinta, ya murza makulli. Motar ta yi tari sau ɗaya, ta furzar da farin hayaƙi, sai muryarta ta daidaita sumul. Ya rufe bonet, ya fice da rigar aikin da ke jikinsa. A hanya yana ta duban kowace farar mota da ke tahowa ta gabansa, yana jiran ya hango Nodira a kujerar baya.

Motar Tolib tana nan a ƙofar asibitin. Shi kansa yana jingine da ita, ya tara ɓawon 'ya'yan kabewa a gaban takalminsa.

"Shiga ka ɗauko kayarka," ya ce. "Ta ƙi motsawa. Har Mama ta yi mata faɗa, ko kallonta ba ta yi ba."

Nodira na zaune a kan bencin baranda, jakarta a ƙafa, leɓɓanta sun bushe, dangi sun kewaye ta kowa ya ɗaure fuska. A gefenta ungozoma ce riƙe da jaririyar cikin farin zane, don uba ake miƙa wa a bakin ƙofa. Ungozomar ta matso, sai ta ga hannuwansa, ta ja da baya.

"Haba malam! Da waɗannan hannuwan? Ga famfo can, je ka wanke tukuna."

Shuhrat ya dubi hannuwansa, kunya ta kama shi, ya juya zai tafi.

"A'a," in ji Nodira. "Kada ya sake zuwa ko'ina. Ba shi ita."

Ungozomar ta dubi surukarsa, surukar ta kau da kai. Aka ɗora masa yarinyar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Yatsunsa suka bar shaida baƙa a kan farin zanen, Nodira ta gani, ba ta goge ba. Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe.

"Ina ka ajiye motar?" ta ce.