Kabad Ɗin da Ya Ƙi Fita

Kafintan nan na bakin layi, wanda shagonsa ke manne da na mai walda, aikinsa ba laifi, gaskiya. Bakinsa ne dai ba ya hutawa. In ya yi maka kujera, sai ka ji tarihin katakonta kafin ya bar ka ka zauna.

Duk unguwa an saba da shi, sai mutum ɗaya da bai taɓa burge ta ba: uwar matarsa. Tsohuwar gajera ce, ga ciwon gwiwa, ga ido kamar na mai tsintar shinkafa. Tun da ya auri 'yarta ba ta taɓa ba shi ko gyaran ƙafar benci ba. In abu ya karye mata, wani kafinta take kira daga can nesa. Wannan abu ya daɗe yana ci masa rai.

Rannan ana zaune a gidanta, 'ya'yanta duk sun hallara, sai ta yi ƙorafin ɓera ya ɓarnata mata zannuwa a cikin kwali. Kafinta ya gyara zama.

"Mama, ni zan yi miki kabad. Ba irin na kasuwa ba da ake kwancewa a ɗaure da noti. Jiki ɗaya, gam da ƙusa, har jikokin jikokinki su gaje shi."

Ta dube shi sama da ƙasa. "To, mu gani," in ji ta.

Ya auna ƙofar ɗakinta, ya auna ƙofar gida, har kwanar da za a sha da kabad ɗin sai da ya auna. Ƙofa ɗaya ce bai auna ba a duniya, ita ce ta shagonsa. Ya manta cewa tun da ɓarayi suka shiga masa, mai walda ya kafa masa ƙofar ƙarfe mai kaurin baki, wadda ta cinye faɗin wurin. Falanki kuwa ɗaya bayan ɗaya yake shiga, ba ya gardama.

Kabad ya tashi, dogo, mai hawa biyu, yana sheƙi. Duk wanda ya wuce sai an jawo shi ya shafa.

Ranar kaiwa 'yan dako suka zo. Suka tsayar da shi, bai fita ba. Suka kwantar da shi, suka karkata, suka juya shi ta baya, ɗaya har ya matse yatsa. Kabad ya tsaya a bakin ƙofa kamar jakin da ya ga ruwa. Kafinta ya leƙa titi, ya ga mai aski ya fara miƙo wuya.

"Ku mayar, ku mayar," ya ce da ƙarfi. "Fentin bai bushe ba ashe. Zan neme ku."

Daga ranar shago ya koma a rufe. A gida ya ce wa matarsa zazzaɓi ne, ya ƙi abinci, amma da safe sai ya sulale ya shiga shagon ya ja ƙofa, ya zauna yana kallon kabad, kabad yana kallonsa. Ga saƙon tsohuwa kullum: ta share wurin, ta ma kyautar da kwalayen, zannuwanta suna kan gado a jibge.

Matarsa ce ta gaji, ta bi sawunsa. Ta tura ƙofa, ta dubi kabad, ta dubi ƙofar, ta dubi mijinta. Ba sai an yi mata bayani ba. Dariya ta kama ta har sai da ta dafa bango. Da ta ga idonsa ya kaɗa, ta haɗiye sauran.

"Baban yara, wannan ne zazzaɓin?"

"Don Allah ki rufa min asiri. In Mama ta ji, na gama yawo."

"To me ka tsara?"

"Duk wata dabara ta masu hankali na yi ta, ba ta ci ba."

"Sai mu gwada ta wawaye," ta ce. "Kowa ya faɗi duk shirmen da ya zo masa. Ba musu, ba harara, sai mun tara da yawa mu zaɓa. Bari in kira maƙwabcinka."

"Kada ki..."

"Ina nan ai," in ji mai walda daga bakin ƙofa, yana share hannu da tsumma. "Bangon nan siriri ne, abokina. Tun ranar 'yan dako nake tausaya maka."

Kafinta ya so ƙasa ta tsage.

Aka fara. Mai walda ya ce a tumɓuke ƙofar, sai shi da kansa ya tuna a cikin siminti ya dasa ta, mai gidan haya kuwa ba ya wasa da bangonsa. Ya ce a cire rufi, aka tuna akwai masu haya a sama. Matar ta ce Mama ta dinga zuwa shago tana canza kaya. Mai walda ya ce a hana kabad ɗin abinci ya rame. Ko kafinta sai da gefen bakinsa ya motsa.

"Ko a raba shi biyu kamar kankana," in ji mai walda.

Kafinta ya miƙe zumbur. "Aikin nawa? Da na rantse a gaban mutane jiki ɗaya ne?"

"Ba musu muka ce," in ji matar. Ta matsa jikin kabad ɗin, ta ɗaga hannu za ta buɗe hawan sama. Ta yi ɗage, yatsunta ba su kai ba. Ta juyo a hankali. "Mama fa tsawonta iyakar kafaɗata ne. Wa zai dinga ɗauko mata kayan nan na sama? Da wannan gwiwar za ta hau kujera?"

Wannan magana ta fi ta ƙofa yi wa kafinta zafi. Duk awon da ya yi, bai taɓa tunanin tsawon matar da zai yi wa kabad ba. Ya koma ya zauna. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, "In na yanke hawan saman, na sa masa gajerun ƙafafu da katifa a kai, zai zama akwati kuma wurin zama."

Shi da hannunsa ya ɗauki zarto. An ce yana yanka yana kau da kai, kamar mai riƙe da yaro ana yi masa allura. Da ya zama guda biyu, kowanne ya fita ta ƙofar ba gardama.

Ranar da aka kai kayan, 'ya'yan tsohuwa duk suna nan. Kafinta ya taho da ƙaryarsa a shirye: tun farko haka ya tsara, guda biyu. Tsohuwa ta zagaya babban, ta buɗe ta rufe. Ta bi saman da yatsa, daidai inda zarto ya wuce.

"Jiki ɗaya na ji ka ce."

Ƙaryar tana kan harshensa, ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai.

"Mama, ƙin fita ya yi daga ƙofar shagona. Yanka shi na yi."

Yayan matarsa ya fashe da dariya har da buga cinya.

"Na sani," in ji tsohuwa. "Matar mai walda ta riga ka zuwa, har ta gwada min yadda kuka kwantar da shi. Jira nake in ji da wane baki za ka shigo." Ta juya wurin ɗanta. "Kai kuma rufe min baki. Ko ƙusa ka taɓa kafa min a gidan nan?"

Ta zauna a kan ƙaramin, ta miƙe ƙafafu, ta ɗan jijjiga shi ta ji ko zai yi ƙara. Bai yi ba.

"Gadon nan nawa ƙafarsa ɗaya tana rawa," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Gobe ka zo ka duba min. Amma a nan ɗakin za ka yi aikin."

"To, Mama," in ji kafinta, kansa a ƙasa.